Alhakin Kalaman Ƙiyayya A Intanet: Na Mai Furuci Ne Kaɗai, Ko Har Da Mai Dandali?

Idan mutum ya ɗauki wayarsa ya rubuta cewa mutanen ƙabila kaza annoba ne a cikin ƙasa, kuma duk wanda ya ƙona gidajensu ya yi aikin lada, sa'an nan maganar ta fita daga hannunsa ta shiga wayoyin dubban jama'a kafin faɗuwar rana, har waɗansu suka ɗauki makami suka aikata abin da ya yi kira a kai, to babu mai hankali, alƙali ne ko talaka, da zai yi jayayya cewa marubucin nan ya ɗauki alhaki. Inda saɓani ya auku tsakanin masana shari'a, kuma har yau bai ƙare ba, shi ne matsayin kamfanin da ya shimfiɗa dandalin, ya karɓi maganar ya ajiye ta a kwamfutocinsa, ya kai ta gaban waɗanda ba su neme ta ba, kuma ya ci kuɗin talla a kan kowane idon da ya tsaya a kanta. Shin ma'aji ne kawai, wanda ba a tambayarsa abin da ke cikin kayan ajiya, ko kuwa yana da kaso a cikin ɓarnar? Kimanin shekara talatin ke nan kotuna da majalisun dokoki suna juya wannan mas'ala, kowace ƙasa da irin amsar da ta bayar, kuma tun da yake mu ma mun zama mazauna waɗannan dandamali, safe da yamma, ya kamata mu san hujjar kowane ɓangare.

Abin da ake nufi da kalaman ƙiyayya

Wajibi ne da farko a rarrabe tsakanin maganar da ke da ɗaci da maganar da ke da dafi, domin ba duk abin da ya ɓata wa mutum rai ba ne doka ke hanawa. Yarjejeniyar duniya kan 'yancin ɗan Adam da 'yancin siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, kuma Nijeriya da Nijar duk suka shiga cikinta, ta tabbatar wa kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa a sashe na 19, sa'an nan a sashe na 20 ta wajabta wa ƙasashe su haramta duk kiran ƙiyayya saboda asalin ƙasa ko launin fata ko addini, muddin ya kai matsayin tunzura jama'a su nuna wariya ko gaba ko su zubar da jini. Da aka ga gwamnatoci suna faɗaɗa wannan sashe yadda suka ga dama, sai masana suka taru a birnin Rabat na Maroko a 2012, ƙarƙashin ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar, suka shimfiɗa mizani mai abubuwa shida da alƙali zai duba kafin ya kira magana laifi: halin da ƙasa take ciki sa'ad da aka faɗe ta, da matsayin mai faɗar, da niyyarsa, da abin da maganar ta ƙunsa da salonta, da nisan inda ta kai, da kuma yiwuwar ta haifar da cuta.

Hukunta mai yaɗa irin wannan magana ba sabon abu ba ne. Kotun Nuremberg ta yanke wa Julius Streicher hukuncin rataya a 1946, saboda shekarun da ya kwashe yana cusa ƙin Yahudawa a jaridarsa; haka nan kotun duniya da ta zauna a Arusha ta kama waɗansu jagororin gidan rediyon RTLM da na jaridar Kangura da laifi a 2003, saboda rawar da suka taka a kisan ƙare dangi na Ruwanda na 1994. Sai dai waɗannan mutane su ne suka zaɓi kalmomin, su ne suka tsara su, su ne suka sake su da gangan. Kamfanin intanet kuwa cewa yake yi bai rubuta ko harafi ɗaya ba, kuma abin da ake zubawa a dandalinsa cikin sa'a guda ya fi ƙarfin karatun dukan ma'aikatansa a shekara. A nan ne wuyar take.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun yi magana a kan asalin wannan mas'ala, ko da yake ba su ga intanet ba, sa'ad da suka rarrabe tsakanin mubashiri, wato wanda ya aikata ɓarna da hannunsa, da mutasabbibi, wanda ya zama sanadinta. Misalin da suka saba kawowa shi ne na wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba: in wani ya tura mutum ciki da gangan, lamuni yana kan wanda ya tura, in kuwa mai wucewa ya faɗa da kansa cikin duhu, lamuni ya komo kan mai haƙa. Sun kuma ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi ta'addi ko sakaci. Amma Malikawa sun ɗora lamuni a kan masu sana'ar da suka kafa kansu don yi wa jama'a aiki da lada, kamar marina da maɗinka, saboda maslahar mutane, domin in ba haka ba dukiyar jama'a ta zama abin wasa. Ba fatawa muke bayarwa da wannan ba, amma duk wanda ya riƙe waɗannan ƙa'idoji a zuciyarsa zai ga cewa gardamar da ake yi a kotunan Amurka da Turai ba ta fita daga da'irarsu ba.

Mazhabar Amurka

A 1991 wata kotu a New York ta wanke kamfanin CompuServe daga ƙarar ɓata suna, bisa hujjar cewa ba ya duba abin da masu amfani da shi suke rubutawa, don haka matsayinsa na mai sayar da littattafai ne, wanda ba a sa ran ya karanta duk abin da ke kantarsa. Bayan shekara huɗu, a 1995, wata kotun ta kama kamfanin Prodigy a kan irin wannan ƙara da kamfanin hannun jari na Stratton Oakmont ya shigar, hujjarta kuwa ita ce Prodigy yana tace rubuce-rubuce yana cire na batsa da na zagi, saboda haka ya zama kamar editan jarida, wanda ake tuhuma da duk abin da ya fito a shafinsa. Sakamakon hukunce-hukuncen nan biyu ya zama abin da hankali ba ya karɓa, wato wanda ya rufe ido ya kuɓuta, wanda ya yi ƙoƙarin tsabtace dandalinsa kuwa ya shiga uku.

Domin gyara wannan ne 'yan majalisa biyu, Chris Cox da Ron Wyden, suka kawo abin da ya zama sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996, wanda ya tanadi abu biyu: ba za a ɗauki kamfani a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta ba, kuma ba za a tuhume shi ba don ya cire abin da yake ganin bai dace ba da kyakkyawar niyya. Tun a shekarar da ta biyo baya aka ga faɗin wannan garkuwa. Bayan harin bam na birnin Oklahoma na 1995, wani wanda ba a san ko wane ne ba ya riƙa sanya tallar riguna masu yi wa mamatan izgili a dandalin AOL, yana haɗawa da lambar wayar wani bawan Allah mai suna Kenneth Zeran, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba; aka yi ta kiransa ana zaginsa ana yi masa barazanar kisa, shi kuwa yana ta roƙon kamfanin ya cire tallar. Da ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1997 cewa ko da an sanar da kamfani, sashe na 230 ya kare shi.

Ga shi kuma tsarin mulkin Amurka ya ba 'yancin magana kariyar da babu irinta a wata ƙasa, ta yadda mafi yawan abin da Jamus ko Faransa za su kira laifi, a can halal ne a idon doka, sai fa in ya kai ga barazana ta haƙiƙa ko tunzura mutane ga ta'asar da ke gab da aukuwa. Ko a 2023, da iyalan wani da aka kashe a harin Istanbul na 2017 suka tuhumi Twitter da Google da Facebook da taimaka wa 'yan ta'adda, Kotun Ƙoli ta yanke, ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, cewa buɗe dandali ga kowa da kowa bai kai matsayin taimakon mai laifi ba. Ba za a musa ba cewa wannan garkuwa ce ta ba intanet damar bunƙasa. Amma kuma ita ce ta sa manyan kamfanonin, waɗanda galibinsu a Amurka suke, suka girma da ɗabi'ar wanda bai saba a tambaye shi ba.

Mazhabar Turai da shari'ar hanyar ƙanƙara

Tarayyar Turai ta bi wata hanya a dokarta ta kasuwancin intanet ta 2000, inda ta rataya kariya a kan rashin sani: kamfani ba shi da laifi muddin bai san da haramtaccen abu ba, amma da zarar ya sani, wajibi ne ya gaggauta cire shi, in ya yi jinkiri kariya ta faɗi. Dokar ta kuma hana ƙasashe tilasta wa kamfanoni su riƙa sa ido a kan duk abin da ke wucewa. A kan wannan aka zauna har wata ƙaramar shari'a daga Estoniya ta girgiza shi.

A ƙasar nan mai tsananin sanyi, idan teku ta daskare da hunturu, hukuma takan buɗe hanyar mota a bisa ƙanƙara daga babban yanki zuwa tsibirai, hanyar da ta fi jirgin fito sauri da arha. A watan Janairu na 2006 kafar labarai ta Delfi, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, ta ba da labarin cewa wani kamfanin jiragen fito ya sauya hanyar jiragensa, ya farfasa ƙanƙarar wurin da ake shirin buɗe hanya, abin da ya jinkirta buɗewar da makonni. Labarin kansa babu aibu a cikinsa, har an ji ta bakin kamfanin. Amma cikin kwana biyu masu karatu suka rubuta ra'ayoyi 185 a ƙarƙashinsa, kimanin 20 daga ciki zagi ne da barazana ga mutumin da ya fi kowa hannun jari a kamfanin, galibi kuma ba da sunayen gaskiya ba. Maganganun suka zauna mako shida, har lauyoyinsa suka rubuto suna neman a cire su a kuma biya diyya. Delfi ta cire su a ranar, amma ta ƙi biya. Kotunan Estoniya suka umarce ta da ta biya shi diyyar abin da ya yi daidai da Yuro 320.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ƙa'idar da ke bayansu babba ce, don haka Delfi ta kai kuka Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg, tana cewa an tauye mata 'yancin magana. A watan Yuni na 2015 babban zauren kotun, da rinjayen alƙalai 15 a kan 2, ya ce ba a zalunce ta ba. Dalilan da aka kafa hukuncin a kansu su ne suka cancanci a tsaya a kansu: Delfi kafa ce ta kasuwanci wadda ita ta rubuta labarin ta kuma gayyaci mutane su tofa albarkacin bakinsu, kuɗin tallarta ya dogara da yawan masu ziyara, wanda ya rubuta ra'ayi ba shi da ikon gyara shi ko goge shi bayan ya tura, ita kaɗai ke da wannan iko, ta bar mutane suna rubutu ba tare da bayyana kansu ba, har ya zama wanda aka zalunta ba shi da wanda zai kama, maganganun kuwa haramcinsu a fili yake, ba ya bukatar dogon nazari. Kotun ta yi taka-tsantsan ta ce hukuncin bai shafi dandalin sada zumunta ba, kuma a 2016, a wata ƙara daga ƙasar Hangari, ta wanke wata kafar labarai domin maganganun da aka tuhume ta a kansu ashar ne da rashin ladabi, ba kiran ƙiyayya ba. A 2023 kuma ta amince da tarar da kotunan Faransa suka ci wani ɗan siyasa, Julien Sanchez, saboda ya bar kalaman cin zarafin Musulmi da magoya bayansa suka rubuta a shafinsa na Facebook lokacin yaƙin neman zaɓe bai goge su ba.

Daga nan majalisu suka karɓi aikin. Jamus, wadda tarihinta ya koya mata tsoron irin wannan magana, ta kafa doka a 2017 da ta wajabta wa duk dandalin da ke da masu rajista fiye da miliyan 2 a ƙasar ya cire abin da haramcinsa ya bayyana cikin sa'a 24 da samun ƙorafi, sauran kuwa cikin kwana 7, tare da tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 50 ga kamfanin da ya kasa kafa tsarin yin haka. Faransa ta so bin sawunta a 2020, amma majalisar kare tsarin mulkin ƙasar ta rushe ginshiƙan dokar, bisa hujjar cewa ɗan gajeren wa'adi da babbar tara, ba tare da alƙali a tsakani ba, za su sa kamfani ya riƙa goge duk abin da aka kai ƙara a kansa, halal da haram, don ya tsira da dukiyarsa. Da aka auna wannan da wancan, sai Tarayyar Turai ta fito da sabuwar dokar ayyukan intanet a 2022, wadda ta bar tsohuwar ƙa'idar sani yadda take, amma ta ƙara wajibai: a sauƙaƙa wa mutane hanyar kai ƙorafi, a gaya wa wanda aka goge rubutunsa dalili, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, kuma dandalin da ke da masu amfani miliyan 45 ko fiye a Tarayyar ya riƙa binciken haɗarin da tsarinsa ke jawowa, ya buɗe ƙofa ga masu bincike na waje, in ya saɓa a ci shi tarar da za ta iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na duniya a shekara. Birtaniya ta kafa tata dokar a 2023, Kotun Ƙolin Burazil ma a 2025 ta rage kariyar da dokar ƙasar ta 2014 ta ba kamfanoni.

Inda magana ta zama jini

Duk wannan gardama da ta tsaya a kan Yuro 320 da ɓacin ran attajiri, da sai a ce ta masu hali ce. Amma a 2017 sojojin Myanmar suka far wa Musulmin Rohingya, har fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka tabbatar a 2018 cewa Facebook, wanda ga mafi yawan mutanen ƙasar shi ne intanet ɗin gaba ɗaya, ya zama babbar kafar yaɗa ƙiyayyar da ta share fagen wannan ta'asa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano cewa a farkon 2015 mutum biyu kacal masu jin harshen Bama ne suke duba ƙorafe-ƙorafen ƙasar, alhali kuwa masu fafutuka sun daɗe suna gargaɗi. A ƙarshen 2018 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba don hana a yi amfani da dandalinsa wajen hura wutar rikici.

A Habasha kuma, lokacin yaƙin Tigray, aka harbe Farfesa Meareg Amare, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bahir Dar, a ƙofar gidansa a watan Nuwamba na 2021, bayan an yaɗa hotonsa da bayanin inda yake zaune tare da zarge-zarge a Facebook. Ɗansa, wanda ya ce ya yi ta kai ƙorafi ba a cire rubutun ba sai bayan an kashe mahaifinsa, ya shigar da kamfanin Meta, mamallakin Facebook, ƙara a Kenya a 2022, domin a Nairobi ne cibiyar masu tace rubutun yankin take a lokacin, kuma a 2025 babbar kotun ƙasar ta ce tana da hurumin sauraron ƙarar. Abin da masu ƙarar suke tuhuma ya wuce jinkirin gogewa. Suna tuhumar lissafin na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa kowane mutum.

Wannan shi ne abin da dokokin 1996 da 2000 ba su hango ba. Mai zauren da ya buɗe ƙofarsa don 'yan unguwa su yi hira, ba a kama shi da abin da wani baƙo ya furta. Amma idan ya ɗauki sanƙira ya tsayar a bakin ƙofa, ya umarce shi da ya riƙa tsinto maganar da ta fi tayar da jijiyar wuya yana shelanta ta ga masu wucewa, domin taro ya ƙaru shi kuma ya sami na shiga, to ya fita daga matsayin mai masauki, ko da bai buɗe bakinsa ba. Dandamalin yau haka suke aiki, gama an gina su ne a kan riƙe hankalin mutum, kuma takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa ma'aikatan kamfanin da kansu sun san abin da ke harzuƙa mutane ya fi saurin yaɗuwa.

Namu rabon

Ba daga nesa muke kallon wannan ba. Binciken da BBC ta yi a 2018 ya nuna yadda hotunan gawarwaki, waɗansu ma ba a Nijeriya aka ɗauke su ba, suka yi ta yawo a Facebook a lokacin rikicin jihar Filato na watan Yuni na shekarar, har 'yan sandan jihar suka ce sun taimaka wajen haddasa kashe-kashen ramuwar gayya. A lokacin kuwa masu tantance labarai huɗu ne ke wannan aiki na cikakken lokaci ga 'yan Nijeriya miliyan 24 da ke amfani da dandalin. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta tanadi hukunci a sashe na 26 ga mai yaɗa ƙiyayyar launin fata ko ƙabila, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA kuma ta fitar da ƙa'idojin aiki ga dandamali a 2022.

Sai dai tarihinmu na kusa ya nuna ɗaya gefen haɗarin. A 2019 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattawa wanda ya tanadi hukuncin rataya ga mai kalaman ƙiyayyar da suka jawo asarar rai, jama'a suka yi ca a kansa. A watan Yuni na 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter bayan ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, dakatarwar ta kai wata bakwai, kuma kotun ECOWAS ta yanke a 2022 cewa ta saɓa wa doka. Duk dokar da ta ba mai mulki ikon kiran abin da ba ya so kalaman ƙiyayya, sa'an nan ta ba shi sandar da zai tilasta wa kamfani ya goge, to ba mai kiran a zubar da jini za ta fara ci ba. Ɗan jarida da ɗan adawa da malamin da ya faɗi gaskiya za ta fara ci.

Mizanin da ya fi kusa da adalci

Abin da ya bayyana daga waɗannan shari'o'i shi ne cewa gefe biyu duka ɓata ne. Wanke kamfani daga kowane alhaki zalunci ne ga wanda aka kashe wa uba bayan ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba; ɗora masa alhakin kowace kalma kuwa kallafa masa abin da ba zai iya ba ne, kuma ƙarshensa a toshe bakin jama'a, a kuma kashe ƙananan kafofi waɗanda ba su da dukiyar ɗaukar dubban masu tacewa. Adalci shi ne a auna alhaki da abu uku, sani da iko da riba. Wanda aka sanar da shi kiran kisa a fili ya yi shiru, ya yi sakaci. Wanda na'urarsa ta ɗauki maganar ta cusa wa waɗanda ba su nema ba, ya shiga cikin sababi. Wanda kuma ya shiga kasuwar wata al'umma yana kwasar riba, alhali bai tanadi isassun ma'aikata masu jin harshenta ba, ya haƙa rami ne a kan hanya ya tafi ya bar shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi shafar mu, domin Hausa harshe ne na habaici da zambo da gugar zana, inda za a iya kiran a hallaka mutane ba tare da an ambaci kisa ba, a kuma faɗi kalma mai kaushi a wasan taubasai ko na ƙabilu ba tare da nufin sharri ba. Na'urar da aka horar da Ingilishi ba ta rarrabe waɗannan, haka ma baƙon da ya koyi harshen a takarda. Saboda haka abin da ya kamata masu yi mana doka su nema daga kamfanoni shi ne su bayyana adadin masu tace rubutun Hausa da sauran harsunanmu da suke da su, da tsawon lokacin da ƙorafi ke ɗauka kafin a amsa shi, da matakin da suke ɗauka na rage yaɗuwar saƙonni a lokacin zaɓe da rikici. Hukuncin ƙarshe kuwa a kan ko magana ta haramta ya kasance a hannun kotu mai zaman kanta, ba a hannun minista ko manajan kamfani ba.

Bayan wannan duka, kada neman alhakin kamfani ya mantar da mu namu. Shari'a da al'ada sun haɗu a kan cewa annamimi, mai ɗaukar magana daga nan ya kai can don ya haɗa husuma, ba ya kuɓuta da cewa ba shi ya ƙaga ta ba, kuma an umarce mu da bincike kafin mu gaskata labarin da zai iya jawo cutar da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ya tura hoton gawa zuwa zaurukan WhatsApp goma bai san inda aka ɗauke shi ba, shi ma mai dandali ne gwargwadon ikonsa, kuma sani da iko ana auna su a kansa kamar yadda ake auna su a kan kamfani. Haƙƙinmu ne mu matsa wa majalisa ta yi dokar da za ta kama babban kamfani ba tare da ta shaƙe talaka ba, kuma wajibinmu ne, tun kafin dokar ta zo, kowa ya tabbatar da abin da ya shigo wayarsa kafin ya tura shi gaba.